Bindigar Gidan Tarihi: A Toshe Bakinta ko a Bar Ta Yadda Aka Ƙera Ta?

A ranar 18 ga Nuwamba, 2015, kwana 5 bayan hare-haren da suka ci rayukan mutum 130 a birnin Paris, Hukumar Tarayyar Turai ta fito da daftarin gyaran dokar mallakar bindiga. Jini bai bushe ba, kowa kuma na neman a yi wani abu. Mafi yawan abin da daftarin ya ƙunsa bai zo wa kowa da mamaki ba: a ƙara tsananta rajista, a sa ido kan cinikin makamai ta intanet, a haramta wasu bindigogi masu kama da na soja. Sai dai a cikinsa akwai wani sashe da ya tayar da hankalin mutanen da ba su taɓa zaton za a sako su cikin zancen ta'addanci ba, wato masu kula da gidajen tarihi. Sashen ya ce duk gidan tarihin da ke riƙe da bindigar da doka ta hana farar hula mallaka, irin su mashinga da sauran masu aman harsashi ba ƙaƙƙautawa, ba zai ci gaba da riƙe ta ba sai ya kashe ta har abada.

Kashe bindiga aiki ne na maƙera. Ana cusa ƙarfe cikin bututun a bi shi da walda, a tsaga bututun ta gefe, a yanke allurar da ke bugun gindin harsashi, a lalata sassan cikin da ke motsi. Daga waje mai kallo zai ga bindiga, amma ba za ta sake tashi ba, kuma ba mai iya mayar da ita yadda take. Gidajen tarihi sun daɗe da tasu dabarar mai sauƙi: su zare allurar ko wani sashe su kulle shi a wani ɗaki daban, bindigar ta zauna bayan gilashi ba ta da amfani sai an mayar mata da abin da aka cire. Rigimar duka tana tsakanin waɗannan hanyoyi biyu ne, daga baya kuma ta buɗe wata ƙofar da ta fi faɗi, ta tambayar ko ma mene ne amfanin baje kolin kayan kisa a ƙasashen da ke ƙoƙarin raba jama'arsu da su.

Masu goyon bayan a kashe ba su rasa hujja ba, kuma wanda ya ɗauke su matsorata bai saurare su da kyau ba. Maganarsu ta farko ita ce tsufa ba ya kashe bindiga. Takobin da ya shekara 100 a jingine tsatsa na iya cinye shi, amma bindigar da aka adana a ɗaki mai sanyi, ana shafa mata mai, ana goge ta, tana nan da ranta. Mashingar Maxim da Hiram Maxim ya ƙirƙiro a 1884, samfurinta na 1910 wanda Rasha ta ƙera an gan shi yana aiki a ramukan yaƙin Yukren bayan 2022. Abin da ake kira kayan tarihi a wannan gari, a wani garin shi ne ke tare hanya.

Birtaniya ta ɗanɗana wannan a gida. Dokarta ta 1968 ta yarda mutum ya ajiye tsohuwar bindiga ba tare da lasisi ba, muddin ya ajiye ta ne don ado ko sha'awa, bisa tunanin cewa an daina ƙera harsasanta tun tuni. Wani dillalin tsofaffin bindigogi mai suna Paul Edmunds, daga yankin Gloucestershire, ya ga wannan kafa ya bi ta. Ya riƙa shigo da tsofaffin ƙananan bindigogi, yana haɗa musu harsasai da hannunsa a gida, kayan suna faɗawa hannun miyagu. An gano harsasansa a wuraren aikata laifi sama da 100, har da na kisan kai, kuma a 2017 kotu a Birmingham ta ɗaure shi shekara 30. Sai a 2021 aka toshe kafar, aka fayyace cewa bindigar da aka ƙera daga 1 ga Satumba, 1939 zuwa yau ba ta shiga sahun tsofaffi, aka kuma cire wasu nau'o'in harsashi 7 daga jerin waɗanda ake ɗauka sun shuɗe. Masu wannan ra'ayi suna cewa idan kalmar tarihi ta isa ta zama mayafi ga mutum ɗaya har ya yi wannan ɓarna, me zai hana ta zama mayafi ga gini guda mai bindiga dubu?

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi, domin ta faru a gidan tarihi ne kai tsaye. Lithgow ƙaramin gari ne a yammacin Sidni, a Ostareliya. Tun 1912 ake ƙera bindigogi a can, kuma daga masana'antar garin ne bindigogin Lee-Enfield da sojojin ƙasar suka riƙe a yaƙe-yaƙen duniya biyu suka fito. A harabar masana'antar akwai gidan tarihi da 'yan sa kai ke gudanarwa. Lokacin da jihar New South Wales ta sauya ƙa'ida a 2017 ta buƙaci gidajen tarihi su kashe wasu nau'o'in bindigoginsu har abada, mutanen Lithgow ne suka fi ɗaga murya, suna cewa za a hallaka mafi yawan abin da suka tara. A watan Agusta na 2024 ɓarayi suka fasa gidan suka kwashe ƙananan bindigogi 27, 'yan sanda kuma suka yi gargaɗin cewa ana iya gyara su su koma aiki. A ƙasar da bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996 gwamnatin John Howard ta saye bindigogi fiye da 650,000 daga hannun jama'a ta lalata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manomin da ya miƙa bindigar da ya gada daga mahaifinsa aka niƙe ta yana da damar tambayar dalilin da ya sa aka bar wasu a bayan gilashin da guduma ɗaya ke fasawa.

To, me masu gidajen tarihi ke cewa?

Suna cewa tarihin bindiga a cikinta yake. Wanda ke son sanin yadda aka tashi daga bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda 'yan bindigar sarki ke bugawa ranar hawan sallah, har aka kai ga wadda ke ɗura wa kanta harsashi da ƙarfin harbin da ya gabata, dole ya kwance ta ya duba yadda sassanta ke cuɗanya. A nan ake ganin hannun maƙerin, da irin ƙarfen da aka samu a zamanin, da gyaran da soja ya yi mata a fagen daga, da alamun masana'anta da ke nuna hanyar da ta bi daga ƙasa zuwa ƙasa. Yi mata walda daidai yake da a ɗauki tsohon littafin da malami ya rubuta da hannunsa a liƙe shafukan da ƙaro, a bar wa masu zuwa bango su kalla. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ko'ina ita ce kada a yi wa abu aikin da ba za a iya warware shi ba, domin ba wanda ya san tambayar da na baya za su zo da ita.

Kuma ba malaman tarihi kaɗai ke amfana ba. Gidan makamai na masarautar Birtaniya, Royal Armouries, wanda asalinsa daga Hasumiyar Landan yake, ya buɗe babban gininsa a Leeds a 1996. A 2005 aka miƙa masa tarin samfuran bindigogin Ma'aikatar Tsaro, aka kafa cibiyar bindigogi ta ƙasa a can. Wannan sashe ba a buɗe yake ga kowa ba. Sai da izini ake shiga. 'Yan sanda, da masu binciken harsashi, da sojoji suna zuwa su gwada abin da suka kama da samfurin asali. Da an bi daftarin 2015 yadda aka rubuta shi, da an lalata ɗaya daga cikin kayan aikin da ake kama masu safarar makamai da su, da sunan yaƙi da safarar makamai.

Sannan suna tambaya: daga ina bindigogin kisa ke fitowa? Amedy Coulibaly, wanda ya kashe mutum 4 a wani kantin Yahudawa a Paris ranar 9 ga Janairu, 2015, makamansa sun fito ne daga Sulobakiya, inda aka yi musu kwaskwarima sama-sama don su riƙa buga harsashin wofi, ana sayar da su a kanti, daga baya aka mayar da su masu kisa. Kasuwa ce ta yi sake, babu gidan tarihi a cikin lamarin. A 1997 rumbunan makaman gwamnatin Albaniya aka fasa, bindigogi dubu ɗaruruwa suka bazu a yankin Balkan. A 2011 na Libiya aka fasa, mu kuma mazauna Sahel mun san inda wani kaso na kayan ya sauka, domin har yau ana binne mutane saboda shi. Idan aka ɗora waɗannan a sikeli, aka ɗora abin da aka taɓa sacewa daga gidajen tarihi a ɗaya gefen, tazarar ba ta misaltuwa. A ƙarshe Majalisar Turai ta karɓi wannan hujja. Dokar da aka zartar a 2017 ta bar wa kowace ƙasa ikon ba gidajen tarihi izinin riƙe irin waɗannan makamai da ransu, bisa sharuɗɗan tsaro masu tsauri.

A wannan gaɓar ina tare da gidajen tarihi, amma ba da hannu biyu ba. Hujjar cewa sata ba ta da yawa hujja ce ta lissafi, kuma lissafi ba ya yi wa uwar da aka harbe ɗanta da ɗaya daga cikin bindiga 27 ta'aziyya. Abin da na fahimta daga Leeds da Lithgow shi ne kuskure ne a yi musu hukunci ɗaya. Ɗaya ginin gwamnati ne mai masu gadi dare da rana, da ɗakunan ƙarfe, da rajistar kowane ƙusa. Ɗayan kuwa dattawa ne masu son garinsu, waɗanda ƙarfinsu bai kai nauyin amanar da ke hannunsu ba. Birtaniya tun a dokar 1988, wadda ta biyo bayan kisan Hungerford na 1987, ta ware wa gidajen tarihi lasisi na musamman, wanda ba a bayarwa sai an gamsu da yadda za a tsare kayan. Wannan ita ce hanya. Wanda ya iya tsarewa a bar masa bindigarsa yadda take. Wanda bai iya ba, a taimaka masa da kuɗin tsaro, ko a mayar da masu hatsarin inda za a iya, a bar masa waɗanda harsashinsu ya ɓace daga duniya da gaske. Walda ta zama makoma ta ƙarshe, ga bindigar da ake da irinta dubbai.

Sai dai ko an gama da batun makulli da gilashi, akwai sauran magana, kuma ita ce ta fi damuna.

Masu sukar baje kolin bindiga suna cewa gidan tarihi ba ya nuna abu haka kawai. Duk abin da aka ɗora kan ƙyalle mai laushi, aka haska shi da fitila, aka rubuta sunan maƙerinsa a ƙasa, an ɗaukaka shi ke nan. Yaro ɗan shekara 12 da ya tsaya gaban bindigar da aka yi wa zanen zinariya ba ya ganin gawa, kyau yake gani. A Amurka wannan zargi ya fi nauyi, domin ƙungiyar NRA, babbar mai adawa da tsaurara dokar bindiga, tana da nata gidan tarihin a hedkwatarta da ke Fairfax a jihar Bajiniya, inda labarin bindiga da labarin 'yancin ƙasar ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. A ƙasar da bindiga ta yi ajalin mutum 48,830 a shekarar 2021 kaɗai, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu, labarin da ya tsallake waɗannan mutane ya ɗauki ɓangare ko da bai furta ba. Tarihi ma a can ya shiga kotu. A hukuncin da ta yanke a shari'ar Bruen a watan Yunin 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta ce dokar taƙaita bindiga ba za ta tsaya ba sai ta dace da al'adar dokokin ƙasar tun daga zamanin kafuwarta. Ke nan abin da ake faɗa game da bindigar wancan zamani, wajen 1791, yadda take, wa ke riƙe ta, harbi nawa take yi kafin a sake ɗuri, yana iya yanke hukunci kan abin da za a sayar a kanti gobe.

Masu kare gidajen tarihi suna juya wannan hujjar su mayar. Suna cewa ai saboda haka ne ma ake bukatar ainihin kayan. Wanda ya ga yadda ake ɗura bindigar zamanin Joj Washinton, a zuba albarushi, a tura dalma, a danna da sanda, a yi harbi 3 a minti idan hannu ya ƙware, sannan ya matsa gaba ya ga abin da ake sayarwa yau, ba ya bukatar wani ɗan siyasa ya fassara masa bambancin. Ɓoye abu ba ya rage masa kwarjini a idon matasa. Fina-finai da wasannin kwamfuta suna nuna bindiga dare da rana ba tare da ko kalma ɗaya kan abin da harsashi ke yi wa ƙashi da hanji ba. Gidan tarihi na daga cikin wurare ƙalilan da za a iya ajiye bindigar, a ajiye kayan aikin likitan fagen yaƙi kusa da ita, da wasiƙar da aka aika wa iyayen mamaci.

Za a iya, amma sau nawa ake yi? A nan ne nake ganin masu suka sun fi gaskiya. Ɗauki Maxim ɗin nan. Abu ne mai sauƙi a rubuta a ƙarƙashinta cewa tana aman harsashi kusan 600 a minti, ruwa ke sanyaya bututunta, ƙirƙira ce da ta sauya fasahar yaƙi. Duk gaskiya ne. Amma ranar 2 ga Satumba, 1898, a filin Karari kusa da Omdurman a Sudan, Ansaru, mabiyan Mahadi, kimanin 10,000 ne suka faɗi cikin 'yan sa'o'i a gaban waɗannan bindigogi da igwa, alhali rundunar da Kitchener na Birtaniya ya jagoranta ba ta rasa mutum 50 ba. Shekara 5 bayan haka irin wannan makami ya iso ƙasar Hausa. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan a Burmi, ranar 27 ga Yuli, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mabiyansa. Mahaya dawaki masu lifidi da masu kwari da baka ne suka fuskanci injin. Jikan wanda ya tsaya a bayan bindigar da jikan wanda ya tsaya a gabanta suna iya haɗuwa yau a gaban gilashi ɗaya a Leeds ko Landan, kuma rubutun da ya ba da lissafin harsashi ya yi shiru kan inda harsashin ya sauka ya zalunci ɗaya daga cikinsu. Haka Winchester ta 1873, da ake yi wa kirarin bindigar da ta ci yammacin Amurka: ƙasar da aka ci tana da masu ita, kuma jikokinsu na nan da rai.

Akwai kuma bindigar da ta yi suna saboda wanda ta kashe. Ƙaramar bindigar da John Wilkes Booth ya harbi Abraham Lincoln da ita ranar 14 ga Afrilu, 1865 tana nan a baje a gidan wasan Ford da ke Washinton, a ginin da abin ya faru. Amma wadda aka harbi John Kennedy da ita ranar 22 ga Nuwamba, 1963 tana kulle a Ma'ajiyar Takardun Ƙasa, ba a nuna ta ga masu yawon kallo. An adana ta, ba a lalata ta ba, ba a kuma yi mata gata ba. Mu ma muna da makamancin wannan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, inda motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 take tsaye da hudojin harsashi a jikinta. Wanda ya tsaya gabanta Murtala yake tunawa, ba wanda ya ja kunamar ba, domin abin da aka nuna masa shi ne inda harsashin ya shiga. Ina ganin wannan ya fi nuna bindigar tasiri. Game da makaman masu kisan gilla na zamaninmu kuwa, irin na wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar Juma'a, 15 ga Maris, 2019, ban ga wata hujjar ilimi da za ta sa a baje su ba. Irin waɗannan mutane suna nema ne a tuna da su, akwai kuma masu jiran su yi koyi. Iyalan mamatan suna raye. A nan masu cewa a ɓoye ko a narkar sun yi daidai, ba tare da wani sharaɗi ba.

Wasu al'ummomin sun bi wata hanya dabam. A Tumbuktu, ranar 27 ga Maris, 1996, an tara makamai kusan 3,000 aka cinna musu wuta don rufe babin tawayen arewacin Mali, aka kuma gina abin tunawa da ragowar bindigogin a jikin siminti. Agadas ta yi nata bikin ƙona makamai ranar 25 ga Satumba, 2000. A Mozambik, bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1992, Bishop Dinis Sengulane ya jagoranci shirin karɓar bindiga a ba mutum fartanya, ko keke, ko keken ɗinki. Masu sassaƙa suka yayyanka bindigogin suka ƙera abubuwa da su, ciki har da wata kujera da Cristóvão Canhavato ya haɗa, wadda Gidan Tarihin Birtaniya ya saya a 2002. Ga bindigogin da aka yi wa walda, an kashe su har abada, kuma suna cikin gidan tarihi. Ba wanda ya yi kukan an ɓata tarihi, domin Kalashnikov ce da ire-irenta, waɗanda ake da miliyoyinsu a duniya, kuma mutanen da suka sha wuyarsu ne suka yanke shawarar abin da za a yi da su. Daftarin 2015 bai bambanta irin waɗannan da samfurin gwaji guda ɗaya tak da ya rage a duniya ba, shi ya sa wannan sashe nasa ya cancanci faɗuwa.

Abin da ya rage ba a warware ba shi ne kuɗi. Ƙofar ƙarfe, da ƙararrawa, da mai gadin dare, da gilashin da guduma ba ta fasawa, duk suna da tsada, kuma ƙananan gidajen tarihi na garuruwa da na rundunonin soja sun fi manyan yawa nesa ba kusa ba. Idan aka ce duk wanda ya kasa ya miƙa kayansa ga babban birni, garin da kakanninsa suka ƙera bindigogin da hannunsu zai wayi gari sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga aikinsu. Gwamnatin da ta iya fitar da kuɗi ta saye bindiga 650,000 don ta lalata, tana iya fitar da ɗan kaso kaɗan na irin wannan kuɗi ta tsare 'yan dubban da ta yarda a ajiye, ta kuma sa a cikin sharuɗɗan lasisi cewa duk gidan da ya nuna makami sai ya faɗi a kan wa aka yi amfani da shi.